Intanet Ba Daga Sama Take Saukowa Ba

A Zariya, a Samaru ko a wajen masu gyaran waya a PZ, za ka ji ana cewa intanet daga tauraron ɗan'adam take saukowa. Ba laifinsu ba ne, tunda ba a ganin igiya a jikin waya. Sai dai tafiyar da saƙo ke yi a iska gajeriya ce: daga wayarka zuwa ƙarfen sabis na unguwarku. Daga nan yakan shiga zaren gilashi mai kaurin gashin kai, wanda aka binne a gefen titi, ya bi shi a matsayin haske har Legas. Can ne manyan kebul na ƙarƙashin teku suke fitowa, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, su haɗa mu da Turai.

Shi ya sa a Maris 2024, da wasu kebul suka tsinke a teku kusa da Kwaddibuwa, intanet ta yi ta rarrafe a Nijeriya, har bankuna suka ji a jikinsu, alhali sabis cike yake a waya. Abin da ke damuna shi ne yadda masu haƙa a gefen titi ke sare kebul ba su san ɓarnar da suka yi ba. Tauraron ɗan'adam irin na kamfanin Starlink yana aiki, amma ɗan kaɗan daga cikin saƙonnin intanet yake ɗauka.