Madubin sama da gardamar fadarmu

Jiya a fada, shayi na biyu bai sauka ba gardama ta kaure, wani ƙanenmu ya nuna mana bidiyo a WhatsApp wai Amurkawa suna da na'ura a Alaska da ke kunna sama da wuta, wai ita ke riƙe ruwan damina har gero ya bushe a Dakoro. Na ce mishi kai yaro, aje wayar ka saurara.

Duk wanda ya tashi da rediyon gajeren zango a Maradi ya san abin da nike nufi. Muryar da ta taso daga Landan ko Jamus yaya aka yi ta iso tsakar gidan baba, alhali duniya a dunƙule take? Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, hasken rana yana fasa ƙwayoyin iska su ɗauki caji, wurin ya zama kamar madubi, igiyar rediyo ta doke shi ta dawo ƙasa. Marconi, ɗan Italiya da ya yi fice kan ƙirar rediyo, ya tsallake da saƙo tekun Atlantika a 1901 bai ma san dalili ba, sai a 1924 masanin Ingila Appleton ya tabbatar da akwai madubin. Shi ya sa da dare kake kama tashoshin nesa garau, don layin ƙasa-ƙasa na wurin, mai shanye igiyar rediyo, yana ɓacewa in rana ta faɗi.

To sai masana suka ce mi zai hana mu yi namu madubin? A harba igiyoyin maikirowef masu ƙarfin gaske daga wuri biyu su gamu a sama, iskar wurin ta ɗauki caji, a jingina rediyo ko radar a kai a hango bayan inda ido ke tsayawa. Tunanin ba hauka ba ne, tun 1933 aka lura ƙarfin rediyon Luksamburg yana taɓa saman har sautinsa na shiga na wata tashar Suwizalan. Na'urar Alaska ɗin kuwa HAARP sunanta, eriya 180, megawat 3.6, kuma ba maikirowef take harbawa ba, gajeren zango ne, tun 2015 tana hannun jami'ar Alaska. Ta taɓa yin ɗan gajimaren caji a sama da ya wuce awa guda, amma da an kashe injin sai ya watse.

Nan ne ni abin bai burge ni ba wallahi. Madubin da sai kana ɗura mishi kuran ba tsayawa, mu da ke kwana a waje watan zafi don wuta ta ɗauke? Megawat 3.6 ɗin nan kaɗan ya ɗara rabin tashar hasken rana ta Malbaza. Ga tauraron ɗan adam da parabol suna aikin cikin sauƙi, rana kuma tana gina nata madubin kullum kyauta.

Zancen ruwa kuwa, hadari ko ya kai ƙololuwa da wuya ya wuce kilomita 20, inda suke dumamawa ya haura kilomita 60, ina suka haɗu? Ƙanen namu ya ce to ai ba za su faɗi gaskiya ba. Na ce ka je Dakoro ka tambayi tsofaffi farin 1973 da na 1984, lokacin ko tubalin farko ba a aza a Alaska ba, sai 1993 aka fara ginin. Ya yi shiru, ya miƙo kofi a zuba mishi na uku.