Jikan Maharba a Fadamar Argungu

Akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam da ke cewa yawancin ɗabi'unmu gado ne daga kakannin kakanninmu, waɗanda suka shafe dubban ɗaruruwan shekaru suna farauta da tsintar 'ya'yan itatuwa kafin a fara noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Manyan fannin, irin su Leda Cosmides da marigayi John Tooby na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, suna ganin ƙoƙon kanmu na yau yana ɗauke da ƙwaƙwalwar zamanin dutse. Ƙanina da ke karatu a jami'a ne ya manta takardunsa a gidana a Birnin Kebbi, ni kuma da yake malamin makaranta ne mai son a ce ya sani, sai na haddace su tas.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne binciken da Irwin Silverman da Marion Eals suka yi a Kanada a 1992, inda suka ce mata sun fi maza tuna wurin da aka ajiye abu saboda su ne masu tsinta, maza kuma sun fi gane gabas da yamma saboda su ne masu bin sawun nama a daji. Tun daga nan duk sanda hulata ko makullin mota ya ɓace, sai in kira uwargida in bayyana mata cewa wannan rabon aiki ne mai daɗaɗɗen tarihi, don haka nemowar hakkinta ce. Takan miƙo mini abin ba tare da ta ce uffan ba.

A ƙarshen damina aka yi wa ƙaninta haihuwa a wani ƙauye da ke bayan Argungu, muka kama hanya da sassafe domin mu riski raɗin suna. Da muka kai inda kwalta ta ƙare hanya ta rabu, sai ta ce, "Malam, ga masu faci can, mu tsaya mu tambaya." Na ce mata, "Maman yara, jikan maharba ba ya tambayar hanya." Na leƙa ta taga na dubi rana, na shaƙi iska, na karya kan mota hagu. Hanyar ta tashi daga ta mota ta koma ta amalanke, daga ta amalanke ta koma ta masu babur, daga nan ta zama turbar awaki, kafin in ankara ƙafafun gaba sun nutse cikin laka a tsakiyar gonar shinkafa, injin yana kuka, tayoyin baya suna watsa taɓo sama.

Samari masu yankan shinkafa ne suka ajiye laujensu suka ciccibo motar, bayan na fita taimaka musu santsi ya zaunar da ni da farar shaddata. Wata tsohuwa mai tallar nono ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ɗana, mi kake nema da mota cikin gona?" Sannan ta kwatanta mana hanya dalla-dalla: mu koma har tsamiyar da aradu ta tsaga, mu bar rijiya a dama, mu bi bayan makarantar allo. Muna tashi na sanar da uwargida cewa yau kimiyya ta tabbata a gaban idonmu, tunda ga mace tana gane hanya da alamomin ƙasa daidai yadda aka rubuta. Ta ce, "To da kai ne ka gane hanyar fa?" Na ce da hakan ya tabbatar da cewa maza maharba ne. Ta ce, "Wato ko ka ɓata ko ka isa, malaman nan naka ba sa faɗuwa?" Na ce ai ƙarfin ilimin ke nan.

Mun isa bayan azahar, an raɗa suna, an yanka rago, an raba, sai ƙanzo a gindin tukunya. Yayanta, wanda ke koyar da ilimin halittu a wata kwaleji, ya dubi taɓon da ya bushe a rigata ya nemi bayani, na kuwa ba shi cikakke. Ya ce tambayar ƙanwarsa ita ce sukar da Stephen Jay Gould da Richard Lewontin na Jami'ar Harvard suka yi tun 1979, cewa a dubi hali a ƙirƙiro masa labarin amfani abu ne mai sauƙi, gwada labarin ne aiki. A cewarsa, irin wannan bayani ɗan'uwan tatsuniyar kaka ne da ke faɗa mana dalilin da ya sa kura ke ɗingishi, sai dai kaka takan rufe da ƙurunƙus, su kuwa sukan rufe da jadawali. Ana haƙo ƙashi da gatarin dutse, amma ba wanda ya taɓa haƙo kishi ko son kuɗi. Ya ƙara da cewa a 2010 Joseph Henrich da abokansa sun nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a binciken halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, akasarinsu ɗaliban jami'a.

Nan fa na miƙe zaune. Na kawo masa David Buss, wanda a 1989 ya tambayi mutum sama da 10,000 a al'ummomi 37, har da Nijeriya, ya samu maza sun fi damuwa da ƙuruciya da kyau, mata kuma da abin hannun miji, kuma da aka maimaita a ƙasashe 45 a 2020 sakamakon bai rushe ba. Yaya ya yarda wannan yana da nauyi, amma ya ce Alice Eagly da Wendy Wood sun sake duba alƙaluman a 1999 suka ga giɓin da ke tsakanin maza da mata wajen son mai dukiya yana raguwa inda mata ke da iko da abin kansu. Surukina, da ke gefe yana jan carbi, ya ce, "Yanzu sai da aka zagaya duniya kafin a gano budurwa ta fi son mai hali? Da nan suka zo, da na gaya masu kyauta." Liman ya tambaya ko wannan ce maganar nan ta cewa mutum daga biri ya fito, na rantse masa ban taho da biri ba. A zuciyata kuma na tuna E. O. Wilson, masanin halittu da ya danganta ɗabi'a da gado, wanda masu adawa suka juye wa ruwa a ka a wani taro a 1978, na ga ashe jiƙewa tsohuwar al'ada ce a wannan fanni.

Ina cikin shirya amsa ne na hango wani abu baƙi, dogo, yana motsi kusa da tabarmata. Ban san sanda na tsallake kwanon fura na ɗare kan turmi ba. Daga can sama na yi wa jama'a bayanin cewa tsoron maciji gado ne mai amfani, domin kakan da ya tsaya dubawa bai bar zuriya ba, kuma yaya da kansa, yana share hawayen dariya, ya amsa cewa wannan na cikin abubuwan da suka fi samun hujja a fannin. Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, sauko a ba mata turmi za su yi daka. Igiyar akuya ce."