Harafi ɗaya ya kwanar da ni a ɗakin ciyawa a Ingila

A majalisarmu ta ƙofar gida, duk wanda ya taɓo zancen jirgin sama ya san ni ya taɓo. Kakana yana cikin waɗanda suka ga jiragen da suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman. Uku ne, na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi, wani hafsa Arthur Coningham ne jagoransu. Kakana ya ce shi ko gezau bai yi ba. Kakata kuwa ta ce a bayan rumbu aka tsinto shi, takalmi ƙafa ɗaya. Wannan ɓangaren ba na kai shi majalisa.

Shekarar da muka je ganin 'yata, wadda take aikin jinya a arewacin Landan, surukina ya ce ya ɗauki hutun kwana uku, in zaɓi inda za a kai ni. Ban ko numfasa ba na ce Duxford, gidan tarihin jirage da ke kusa da Kambirij. Na taɓa ganin hoton wani tsohon jirgi mai fukafukai hawa biyu a intanet, an ce yana can, na kuma ga haruffan DH da lamba 9. Shi ke nan, bincike ya ƙare.

'Yata ta ce, "Baba, ai akwai wani gidan jirage nan kusa da mu, ko za a fara..."

Na ce, "Ke, jirgin tarihi ba ya zama cikin gari. Aikinki allura, ki bar mana namu."

Ta yi shiru. Da na san abin da ke cikin shirun nan, da na tsaya.

Surukina ya kama mana gida a wani ƙauye a yankin Kambirij. Da muka isa, Hajiya ta sauko daga mota, ta dubi rufin, ta dube ni. "Alhaji, tun daga Kano muka keto hazo don mu kwana a ɗakin ciyawa?" Wallahi jinka ce, irin wadda muka baro a ƙauye muka ce mun ci gaba, sai dai tasu an yi mata aski. Su a wurinsu abin alfahari ne, kuɗinta ma ya fi na otal. Ƙofar kuwa an yi ta ne don mutanen da ba su san zanna-bukar ba. Sau huɗu katakon sama yana cire mini hula a daren farko, na biyar ya haɗa da goshi. Ga shi bazararsu ce, sai bayan ƙarfe tara rana take faɗuwa, kafin biyar ta sake fitowa. Tsakanin isha'i da asuba ko juyi biyu mutum ba ya yi.

Washegari surukina ya ce mu fara da Shuttleworth, wani wurin ajiye tsofaffin jirage a ƙauyen Old Warden, tunda ba nisa. Hanyoyin ƙauyensu kamar lungun cikin birni, shinge dama shinge hagu, in mota ta taho sai ɗaya ya ja da baya, a ɗaga wa juna hannu. Ba mai zagin uban wani. Abin ya dame ni.

Wani matashi ɗan masu hali, Richard Shuttleworth, shi ya fara tara kayan wurin a 1928, ya rasu a haɗarin jirgi a 1940, mahaifiyarsa ta riƙe wurin don tunawa da shi. A can na ga Blériot na 1909, wanda ya fi kowane jirgi mai iya tashi tsufa a duniya. Irinsa Louis Blériot ya hau ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a wannan shekarar. Ku kwatanta gadon kara da aka ɗaura wa wayoyi, aka sa masa tayoyin keke, aka lulluɓe da zanen gado. Ba sa tayar da shi sai iska ta kwanta ɗif, shi ma ɗan tsalle yake yi a kan ciyawa ya dawo. Ranar kuwa iska ba ta kwanta ba. Muna fitowa fili ta shige babbar rigata ta ƙasa, ta cika ta tim, jikana ɗan shekara tara ya riƙe gefe yana ihu, "Ku zo, Kaka zai riga jirgin tashi!"

Rana ta biyu, Duxford. Na sa shadda mai aiki, na ce yau ranar tarihi ce.

Wurin ba gida ɗaya ba ne, filin jirgi ne sukutum, tun na ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga babbar hanyar M11 tana wucewa ta gefensa. Nan aka fara kai wa wata runduna jirgin Spitfire a 1938. Ina cikin yi wa iyali wannan bayani, hannu a sama, sai wata ƙara ta taso daga bayanmu kamar an yage sama. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Da na ɗago, shadda ta sha ɗanyar ciyawa, hula tana can tana birgima, wata tsohuwa Baturiya mai sanda tana tsaye ƙyam tana shan shayi. Spitfire ɗin ne ya wuce, domin har yau suna tashi a wurin.

Hajiya ta miƙo mini hular, ta ce a hankali, "Da akwai rumbu kusa, da an huta." Ashe kakata ta ba ta labarin tun tana amarya.

Na kakkaɓe jiki muka ci gaba. Mun shiga cikin Concorde, wanda aka kawo wurin a 1977. Duk sunan da ya yi, cikinsa ƙunci, tagoginsa kamar tafin hannu. Mun leƙa zauren jiragen Amurka da aka buɗe a 1997, inda B-52 ya shimfiɗa fukafukai sauran suka raɓe a ƙarƙashinsa kamar 'yan tsaki. Duk ban tsaya ba, ni nawa nake nema.

Can na hango shi. Fukafukai hawa biyu, farfela ta katako, kujeru biyu a buɗe ba rufi. Idona ya kawo ruwa. Na gyara hula, na miƙa wa surukina waya, na ce ya ɗauka. Minti shida na yi ina jawabi. Na yi sallama ga 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, na kawo Helwan, na kawo Coningham, na kawo jarumtar kakana, na rufe da cewa, "Ga irin jirgin nan, idona idonsa." Nan take na tura a WhatsApp, zauren majalisa da na tsofaffin ɗalibaina da na dangi. Kafin in mayar da wayar aljihu, kabbara ta fara shigowa.

Sai jikana ya ja mini riga. "Kaka, kai ka ce DH.9A. Wannan allon DH.9 ya ce. Ina A ɗin?"

"Kai, tafi can. Wuri ne bai ishe su ba."

Yaron nan, da yake a can aka haife shi bai san kawaici ba, ya je ya jawo wani dattijo cikin masu yi wa baƙi bayani. Mutumin kirki, har ya fi ni furfura. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce labarin jiragen Kano gaskiya ne, amma wannan yayan wancan ne. Shi DH.9 injinsa Puma, mai ƙarfin doki 230, ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa a sama. Shi ya sa aka sake shiri, aka ƙara girman fukafukai, aka sa injin Liberty na Amurka mai ƙarfin doki 400, aka ƙara masa A. Da a ce da wannan aka nufi Kano, in ji shi yana murmushi, ba mamaki da har yanzu ana jiran su.

Na ce to, ko dai ya taɓa zuwa Afirka? Ya ce a Indiya aka samo shi, a Bikaner, a ɗakin da wani sarki yake ajiye giwaye.

Hajiya ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Minti shida na yi ina kuka a gaban maƙwabcin giwa.

Da ƙyar na tambaya ko akwai mai A ɗin a duniya. Ya ce ƙwarai, akwai ɗaya a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon, arewacin Landan, a sauka a tashar Colindale. Shiga ma kyauta ne.

Surukina, wanda ya biya kuɗin ɗakin ciyawa na kwana uku da mai da tikitin mutum biyar, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Yaro mai kunya, Allah ya yi masa albarka. 'Yata ba ta ce uffan ba. Ta buɗe jaka, ta ciro man zafi, ta ce, "Baba, kawo goshin."

Ranar da muka koma Landan muka je Hendon. A bas muka je, ko zama ban gama gyarawa ba aka ce mu sauka. Ga shi nan, da A ɗinsa. Na yi sabon bidiyo na minti ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, na tura ba tare da dogon bayani ba. Mutum biyu suka kalla. Ɗaya ya rubuto, "Malam, wannan kuma na wane gari ne? Na Kano dai ya fi kyau." Na farkon kuwa ya riga ya zaga, har wani tsohon ɗalibina ya nuna wa 'yan ajinsa.

Yanzu duk Juma'a in suka kira, bayan an gaisa, sai in ji yaron nan daga nesa yana cewa a ba shi wayar. Ba ya tambayar lafiyata. "Kaka, yau me ka ci?" In na ce tuwo, sai ya ce, "Mai A ko marar A?"