Jeevanjee: ɗan kwangilar layin dogo da aka ba kujera, aka hana shi fili

Akwai wani lambu a tsakiyar Nairobi, babban birnin Kenya, da ma'aikata ke zuwa da rana su kishingiɗa a inuwa, masu wa'azi na ɗaga murya, 'yan gardama sun yi da'ira suna tafka muhawarar siyasa. Sunansa Jeevanjee Gardens. Wanda ya bai wa garin kyautarsa a 1906, Alibhai Mulla Jeevanjee, baƙo ne. A Karachi aka haife shi a 1856, cikin Musulmi 'yan Bohra, lokacin garin yana cikin Indiyar da Ingila ke mulka.

Fatauci ya kai shi har Ostiraliya kafin ya sauka Mombasa, inda arziki ya buɗe masa. Turawa na son shimfiɗa layin dogo daga bakin teku zuwa Tafkin Victoria, shi kuma ya san inda ake samun hannu. Ya karɓi kwangilar kawo leburori da masu sana'a daga Indiya, ya haɗa da ta abinci da gine-gine. An fara aikin a 1896, ya isa Kisumu a 1901. Ita kanta Nairobi sansanin ma'aikatan jirgi ce da aka kafa a 1899 a gefen fadama, kuma kafin a ankara Jeevanjee ya mallaki filaye da gidaje masu yawa a cikinta.

Masu yabonsa kan yi saurin tsallake wani wuri a nan. Kimanin Indiyawa 32,000 ne suka yi aikin layin, wajen 2,500 kuma suka mutu a wurin aikin, yawancinsu cuta ce ta kashe su, wasu zakunan Tsavo suka cinye a 1898. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Dukiyar da ya yi kyauta da ita daga baya, gumin waɗannan mutane yana ciki.

Duk da haka ina ganin shigarsa siyasa daidai ne, kuma ba shisshigi ba ne. Turawan da suka zo a jirgin da mutanensa suka shimfiɗa wa hanya sun keɓe wa kansu tuddai masu ni'ima, suka ce Ba'indiye ba zai sayi gona a can ba ko da zai biya ninki. A gari ma an ware unguwanni. Mutum ya gina wa gwamnati ofis, sannan a ce masa ga iyakar inda zai kwana! A 1910 ya zauna a Majalisar Dokoki, mutum na farko da ba Bature ba, kuma naɗi ne, babu wanda ya zaɓe shi. Murya ɗaya a ɗaki cike da masu cin gajiyar dokar da yake kuka da ita ba ta iya sauya komai, sai dai a saurare shi a wuce. Da ya gane haka sai ya koma haɗa kan jama'arsa, yana cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar Indiyawan Gabashin Afirka a 1914.

Babban kuskurensa, a ganina, ya riga ya faru tun 1905. Shi ya kafa jaridar African Standard a Mombasa, sai ya sayar wa Turawa biyu. Suka sauya mata suna zuwa East African Standard, ta zama bakin Turawa 'yan kama-wuri-zauna, waɗanda su ne zai shafe shekaru yana ja-in-ja da su. Jaridar tana nan har yau da sunan The Standard. Da ya riƙe ta, da ta fi masa kujerar nan amfani nesa ba kusa ba.

Sai kuma batun wa ake yi wa fafutukar. Abin da ya fi nema shi ne Ba'indiye ya zama daidai da Bature, alhali ƙasar da ake rigima a kanta ta Kikuyu ce da Masai. Gwamnatin Ingila ta yi amfani da wannan a takardar Devonshire ta 1923: ta ce maslahar 'yan Afirka ce a gaba, sannan ta ba Turawa kujeru 11 a majalisa, Indiyawa 5, ta bar tuddan a hannun Turawa. Baƙin fata kuwa sai 1944 Eliud Mathu ya shiga majalisar.

Mu da muke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, labarin bai yi mana nisa ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya zo da mutanen da suka cika Sabon Gari, kamar yadda fatauci ya kai namu Sabo a Ibadan da zango a Kumasi, kuma har gobe ana tambayar jikokinsu takardar asali idan sun nemi takara.

Dukiyar Jeevanjee ta zube kafin ya rasu a Nairobi a 1936. A 1991 aka so a mayar da lambun wurin ajiye motoci, jikarsa Zarina Patel da mutanen gari suka tashi tsaye har aka fasa.