Ga mai goyon bayan ranar nasara

Akwai wani bawan Allah da ya naɗa kansa alƙalin magoya bayan Manchester United, yana raba mu gida biyu: masu kishi, wato shi da 'yan amshinsa, da marasa kishi, wato mu da muka ƙi bin sa wajen tsine wa kowane koci bayan an ci mu wasa biyu a jere. Ba zan ambaci sunansa ba, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Tun da Sir Alex Ferguson, wanda ya daɗe yana horar da ƙungiyar, ya yi ritaya a 2013, babu kocin da mutumin nan bai tarba da kirari ba, kuma babu wanda bai raka da zagi ba. David Moyes, wanda aka ba kwantiragin shekara 6 aka sallame shi cikin wata 10, shi ne ya fara shan bakinsa. Louis van Gaal ya ɗauki kofin FA a 2016, aka kore shi bayan kwana 2, mutumin ya yi murna. José Mourinho ya kawo kofin Europa a 2017, mutumin ya ce an samu magajin Ferguson, amma kafin ƙarshen 2018 yana kiransa tsohon yayi. Haka ya yi wa Ole Gunnar Solskjær, haka ya yi wa Erik ten Hag. Da Ruben Amorim ya iso a Nuwamban 2024, mutumin ya sa hoton sabon kocin a fuskar shafinsa tun kafin a buga wasa ko ɗaya, kuma kowa ya ga yadda hoton ya ɓace da ƙungiyar ta ƙare kakar a mataki na 15 da maki 42.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halinsa a ranar da aka sha kashi. Daren da Liverpool ta zura mana ƙwallo 7 a Anfield, a watan Maris na 2023, mu ne muka tsaya muna amsa gori har gari ya waye, shi kuwa ya goge hasashen da ya rubuta da rana, ya yi ɓatan dabo. Amma da muka doke Manchester City da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, kafin alƙalin wasa ya sauke usur daga bakinsa mutumin ya fito da jar riga, yana cewa shi dama bai taɓa yanke ƙauna ba. Bayan shekara guda Tottenham ta ci mu 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, sai ga shi yana yabon tsarin wata ƙungiya, yana cewa shi mai son ƙwallo ne kawai.

Ni ban ce kocin da ya gaza ya fi ƙarfin suka ba, kuma akwai cikinsu waɗanda tafiyarsu ta zama dole. Sai dai duk wanda ƙungiyar nan take zuciyarsa ya san cewa ciwon yana sama da benci, wato wajen masu ƙungiyar. Iyalan Glazer sun saye ta a 2005 da kuɗin rance, suka ɗora bashin a wuyanta. Ana sayo 'yan wasa masu tsada domin tsarin wani koci, a kore shi, wanda ya gaje shi ya tarar da mutanen da ba su dace da salonsa ba, a sake buɗe lalita. Ko bayan shigowar Sir Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi wani kaso na ƙungiyar, an tsawaita wa ten Hag kwantiragi a Yulin 2024, aka sallame shi a Oktoban shekarar. Mai kishin namu bai taɓa rubuta layi ɗaya a kan wannan ba, saboda yana buƙatar karatu da natsuwa, alhali rubuta "a kore shi" ba ya buƙatar komai, ga shi yana tara masu tafi.

Da irinsa aka saurara a baya, da ba a san Ferguson ba. Ya karɓi ƙungiyar a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, kuma sai a 1993 ya kawo kofin lig bayan shekara 26 ana jira. Kafin nan ma ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 1974, magoya bayanta suka ci gaba da cika filin wasanta na Old Trafford har ta dawo a kakar da ta biyo baya. Kofunan Firimiya 13 da mutumin nan yake taƙama da su a wajen musu, haƙurin waɗancan ne ya haife su.

Saboda haka idan zuciyarsa ta koma wata ƙungiya, ya fito fili ya faɗa, babu mai riƙe masa riga. Idan kuma yana nan tare da mu, to ya bar rubuce-rubucensa a inda suke bayan an tashi wasa, ya zauna ya amsa gorin abokan hamayya yadda muke amsawa, sannan ya zo mu yi magana a kan koci.