Tuwon alkama ma yana ɗaga suga fa

A nan Kaduna da an ce mutum yana da ciwon suga sai kowa ya ce ya koma alkama ko acha, ya ci iya cinsa wai ba sa ɗaga suga. Suna ɗagawa wallahi, duk sitaci ne, jiki na mayar da su suga kamar shinkafa, alkama mai dusa dai ta fi jinkirtawa kaɗan. Shi ya sa nas take tambayar yawan abin da ka ci. Mutum ya danna malmala uku da daddare, da safe ya soki yatsa ya ga na'urar gwajin suga ta haura 130 ya ce magani ne baya aiki, haba. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka, miyar ganye ta fi yawa, kuma kar a aje maganin suga irin su metformin saboda acha.