Ɓacewar Suna Ba Mutuwa Ba Ce

Masu binciken asali kan ɗauka kakansu Bature ya rasu da zarar sunansa ya ɓace daga ƙidayar Ingila, musamman idan matarsa ta ce mijinta ya mutu. Wannan ba hujja ba ce, domin matan da aka gudu aka bari sukan faɗi haka don rufin asiri.

A fara duba rajistar mutuwa, wadda ta soma a Yulin 1837. In babu shi, a bi sawunsa ƙetare. Jerin fasinjojin da suka bar Birtaniya daga 1890 ya fara, don haka kafin nan sai a duba jerin tashar da suka sauka: na New York ya fara tun 1820. Amma in za a neme shi a ƙidayar Amurka, ta 1890 gobara ta lalata yawancinta a 1921.